Ranar da Namadi Ya Janye Igiya

A Kebbe, zamanin Turawa, in aka yi zancen ginin rumbu sunan Namadi ake fara kira. Shi ke gina manyan rumbunan nan na laka masu ciki kamar tulu, waɗanda ko mutum ya hau kafaɗar wani a ciki ba zai taɓo bakin ba. Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya hanzari a komai. Wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar. Yakan kwaɓa laka da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ya bar ta kwana uku ta jiƙu, sannan ya jera duwatsu ya ɗora gindi, ya riƙa bin ginin zagaye bayan zagaye. Kamu biyu yake ɗorawa a yini, ba ya ƙarawa ko mai rumbu zai yi ta magiya.

Yana da taubashi mai suna Ɗangiwa. Uwar Ɗangiwa, Ummu, ƙanwar uban Namadi ce, don haka wasa ya halatta tsakaninsu tun suna yawo ba riga. Ɗangiwa dogo ne, manomi mai 'yan shanu, muryarsa kuwa daga bakin rijiya ana jin ta a kasuwa. Ba a taɓa jin ya kira Namadi da sunansa ba. "Bawana" yake ce masa, ko "ɗan guntu". Ya fizge masa hula ya rataya a reshen da ba zai kai ba, ya ce wa mutane kada a taka masa bawa cikin ciyawa. Shi kuwa Namadi ba ya ramawa nan take. Sai ya tafi da maganar gida ya kwana da ita, bayan kwana biyu ya iske Ɗangiwa cikin jama'a ya ba shi amsar ta shekaranjiya. Mutane har jiran amsar suke yi, don takan fi zagin daɗi.

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi aka aiko kowane gari ya ba da mutane a kai su haƙar kuza ƙasar Jos. Ɗiban gwamna ake ce wa abin, ba a tambayar ko mutum yana so. Mai unguwa ya kira sunan Ɗangiwa. A lokacin matarsa Maimuna tana da tsohon ciki, geronsa yana tsaye a gona ba a yanka ba. Namadi ya je wurin mai unguwa ya ce a rubuta shi maimakon Ɗangiwa.

Ya ce, "An ce ƙasar sanyi gare ta. Wanga dogo iska na buga shi zai karye biyu. Ni ina kusa da ƙasa, ba ta gani na."

Ranar tafiya Ɗangiwa ya raka shi har bayan gari, idonsa jawur, amma bakinsa bai huta ba. Ya ce, "Daidai ke nan, bawa shi ka zuwa aike. In ka dawo ka riƙo mani dutse guda in gani." Namadi ya ce ya ji, amsar tana nan zuwa.

Wata huɗu aka ce za su yi. Waɗanda suka dawo suka ce sun baro Namadi kwance ciwon ƙirji ya kama shi, ba su jin zai tashi. Shekara uku ba labari. Matarsa Bara'atu ta ƙi yarda ya mutu, ta zauna ɗakinta tana jira.

Abin da ya faru can, Namadi bai taɓa ba da shi da tsawo ba. Ya ce da ciwo ya kayar da shi, wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai sayar da abinci bakin ramin kuza, ta sa aka ɗauke shi zuwa gidanta. Ba ta jin Hausa sosai, shi ba ya jin yarenta. Wata biyar tana gasa masa ƙirji tana ba shi kunu a baki, safe da yamma tana durƙusawa gefensa tana addu'a da sunan Almasihu. Da ya warke ya tsaya ya gina musu rumbu don godiya, maƙwabta suka gani su ma suka so. Yana gini yana sauraron abin da ake karantawa a gidan, yana tafiya da shi yana kwana da shi kamar yadda yake yi da kowace magana. A shekara ta uku ya ce a yi masa baftisma, aka yi masa a wani rafi mai sanyi.

Ranar da ya dawo Kebbe, Ɗangiwa ya ɗaga shi sama kamar damin kara, yana zagayawa da shi yana cewa an dawo masa da dukiyarsa. Namadi ya ciro ɗan baƙin dutse daga aljihu ya miƙa masa. Aka yi ta shigowa barka. Da aka kira magariba kowa ya tashi alwala, shi ya zauna. Aka ce gajiya ce. Rana ta biyu ma aka ce gajiya ce. Rana ta uku, da maza suka fito da akusansu ƙofar gida don ciyayya, bai jira a tambaye shi ba.

Ya ce, "'Yan'uwa, kada ku yi ta nema mani uzuri. Lafiyata lau. Ni yanzu Almasihu nika bi. Na ga ya fi kyau ku ji daga bakina."

Wani dattijo ya janye akushinsa a hankali, sauran suka bi.

Malamai sun zauna da shi, dangi sun zauna da shi, wasu da lallashi wasu da faɗa. Yakan saurara har su gama, ya yi godiya, ya ce yana nan inda yake. Iyayen Bara'atu suka zo aka raba auren. Matar da ta jira shi shekara uku ta fita tana kuka, shi kuma ya ɗauki kayanta a ka ya kai har ƙofar gidan ubanta, don ya ce ba ta yi masa laifin da za ta ɗauki kaya da kanta ba. Wannan ya ci shi ƙwarai. Ya daɗe ba ya bi ta wannan lungun.

Aiki dai bai yanke ba, don babu mai gini irin nasa daga Fakku har Dogon Daji. Sai dai duk gidan da ya je akan ware masa ƙoƙon shan ruwa daban. Da ya ga abin yana wahalar da matan gida, sai ya samu ƙoƙo nasa, ya huda shi ya ɗaura zare, yana yawo da shi rataye a wuya. Da yake ba ya taɓa laka ran Lahadi, aka sa masa suna Lahadi. In an kira shi da shi, amsawa yake yi. Ranar kuwa yakan sa wankakkiyar riga ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansa, a fili inda kowa ke wucewa, ya buɗe ɗan littafin da ya zo da shi yana bi da yatsa, don karatun nasa bai nuna ba. Masu wucewa su ce, "Lahadi, yau liman da mamu duk kai ɗaya?" Ya ce, "Akwai wuri, a zauna."

Wanda ya fi muni a kasuwar Tambuwal ya same shi. Ya je sayen makuba ta shafen rumbu, wasu masu gambara suka gane shi, suka biyo shi da kiɗa. Suka rera cewa ga wanda ya sayar da salla a Jos aka ba shi giya da naman alade. Jama'a ta taru ana dariya. Namadi ya ajiye kayansa ya tsaya ya ji waƙar har ƙarshe, sannan ya ce wa mai kiɗan, "Kiɗanka da daɗi, amma ka gyara wuri biyu. Giya ban taɓa sha ba, kuma ba a ba ni komi ba. Na Almasihu kuwa gaskiya ne, wannan ka ƙara mai murya." Wasu suka yi dariya, wasu abin ya ba su haushi. Daga baya wani ya jefo dutse, ya same shi a baki, haƙoransa biyu na gaba suka zube. Wata mai fura ta ba shi ruwa ya kurkure, ya ɗauki makubarsa ya kama hanyar Kebbe a ƙasa.

Duk wannan Namadi ya ɗauka. Abin da ya kasa ɗauka wani ne daban, kuma ba wanda ya lura da shi sai goggonsa.

Tun daren ciyayyar nan Ɗangiwa bai sake ce masa bawa ba. Bai zage shi ba, bai guje shi ba. In sun haɗu sai ya rage murya ya ce, "Malam Namadi, an tashi lafiya? Ya aiki?" kamar yana gaida baƙon da ya sauka gidan maƙwabci. Ranar da Namadi ya dawo daga Tambuwal da kumburarren baki, yana tafe yana ce wa ransa yau kam an samu abin da dogon nan ba zai iya haƙuri da shi ba, mutum da giɓi kamar ƙofar gari. Ɗangiwa ya zo, ya dube shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, Malam Namadi. Allah shi sawwaƙe." Ya ajiye masa ƙwaryar nono ya fita. Namadi ya ce bai ji zafin dutsen ba sai a lokacin.

Ya gwada tsokanarsa. Ya hau turmi ya cire masa hula cikin mutane, Ɗangiwa ya ce, "Riƙe, ina da wata." Ya kama masa zakara ya wuce da shi ta gabansa, Ɗangiwa ya aiko da kaza a haɗa. Shekara bakwai ana haka.

Wata rana ya je gaida Goggo Ummu, ya same ta tana kaɗi. Ita kam ba ta taɓa fasa yi masa faɗa ba, kullum sai ta ce ya dawo hanya kafin ta mutu, ta gama ta tura masa tuwo. Ran nan ta dube shi ta ce, "Ɗan yayana, kana ramewa. Ba mutanen gari ka cin ka ba, na sani. Wancan dogon ne."

Ya ce, "Goggo, mi niy yi mai?"

Ta ce, "Shi ma ba shi barci. Ni ya ƙi gaya mani. Rumbunai ya tsage damanar ga, na ce kai za ka gina sabo, in ya kira wani ban yafe ba. Sauran kuma kai ka sani."

Namadi ya gina wa Ɗangiwa rumbun da bai taɓa gina irinsa ba. Kwana ashirin da shida yana kai. Kullum Ɗangiwa ya zo ya ce, "Sannu da aiki, Malam Namadi," shi kuma ya ce, "Yauwa," ya ƙara kamu biyu.

Al'ada ce in sabon rumbu ya bushe, mai shi ne ke fara shiga. Ya hau tsani ta waje, ya bi igiya ya sauka ciki da ƙwaryar toka, ya yi bisimilla ya barbaɗa a ƙasa saboda gara. Da hantsi Ɗangiwa ya tuɓe riga ya hau, ya zura dogayen ƙafafunsa ya sauka. Namadi yana saman tsani yana jin saukarsa. Sai ya janye igiyar a hankali, ya naɗe ta a kafaɗa, ya sauko ya zauna a inuwa ya jingina da rumbun.

Can murya ta fito daga ciki tana amsa kuwwa. "Malam Namadi, na gama. A sako igiya."

Namadi ya ce, "Babu Malam nan."

"Don Allah a sako, akwai zafi cikin nan."

"Igiya na kafaɗata, tana hutawa."

Maimuna ta fito daga madafa da muciya a hannu za ta yi magana. Goggo Ummu, da ta riga ta shimfiɗa tabarmarta kusa, ta ce mata, "Koma ga tukunyarki, ɗiyata. Ba a kira mu ba."

Ɗangiwa ya ce, "Mi niy yi maka?"

Namadi ya ce, "Ni ya kamata in tambaya. Shekara bakwai kana girmama ni, da wane laifi? An ce mani kafiri, na amsa gaisuwa. An ware mani ƙoƙo, na sha. An ɗauke Bara'atu. An zubar mani da haƙora Tambuwal. Ba ɗaya da ya sa ni sunkuyar da kai, don wanda nika bi an yi mai fiye da haka bai ɓoye fuska ba. Amma Malam Namadin ga naka ya kusa kai ni ƙasa. Duk garin ga kowa na yi mani dariya, sai mutum guda da ke da hakkin yi."

Kaji suka dawo kiwo gindin rumbun. Da muryar ta sake fitowa, ba ta yi kama da ta Ɗangiwa ba.

"Sunana anka kira, ba naka ba. Da ni nit tafi, da yanzu kana sahu kusa gare ni, Bara'atu na ɗakinka, haƙoranka na bakinka. Ni nit tsaya yankan gero, kai kat tafi ka ɓace. Har raha niy yi maka bakin hanya. Duk sadda na ɗaga hannu in roƙi Allah, kai nika gani. Da wane baki zan yi ma dariya?"

Namadi ya kwantar da tafinsa jikin lakar, wajen da yake jin bayan Ɗangiwa yake. Wannan karon bai tafi da maganar gida ba.

Ya ce, "Ashe abin da kaka ɗauke da shi ke nan. To ji. Ni nic ce a rubuta ni, ba ka roƙe ni ba. Ciwon ƙirjin, in kana so, ɗauki rabi, na bar maka. Amma abin da nis samo can ba ka da hannu ciki, kuma ban taɓa kwana ina da-na-sani ba. Kai kana ganin na ɓace, ni ina ganin can anka tsince ni. Ba ni da kai za mu yanke wannan ba. Ka ci gaba da roƙa mani Allah, ina so, ni ma kullum kana cikin tawa addu'a. Amma ba ni iya zama garin ga ba taubashi."

"To mi kaka so?"

"Ka zage ni."

"Ba ni iyawa."

"To jibi za a kawo gero, sai a zuba bisa kanka."

Ya gyara zama. Mutumin da ke jiran laka kwana uku, jira ba ya ba shi wahala. Rana ta yi ta hawa, inuwar rumbun tana tsukewa. Daga ciki ba a jin komai sai tari jifa-jifa saboda toka. Goggo Ummu tana ta murza mazarinta ba ta ɗaga kai ba.

Sai dai Namadi yana duban inuwar, ya san azahar ta kusa. Ko me zai rasa, ba zai sa Ɗangiwa ya makara salla ba. Da inuwa ta dawo gindin duwatsu ya miƙe, ya ce a ransa shi ke nan, an gwada. Ya hau tsani, ya ɗaura igiya ya zura, ya leƙa kansa cikin bakin rumbun ya ce, "Fito ka yi salla, lokaci ya yi." Da yake ba haƙoran gaba, maganar da ɗan fito take fita.

Ɗangiwa ya ɗaga kai daga cikin duhu. Ba abin da yake gani sai sararin sama da ɗan kan Namadi a tsakiya, baki buɗe, haske na bi ta giɓin. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Ya ce, "Kai ɗan guntu, rufe bakin ga, kana sako mani iska. Magini guda, ka gine rumbunan gari kaf, ka kasa toshe kafar bakinka? Ɓera na shiga nan da zangarniya bai sunkuya ba."

Namadi ya yi dariya har tsanin ya girgiza, hawaye na bin fuskarsa yana ɗiga cikin sabon rumbu. Goggo Ummu ta ce, "Alhamdu lillahi," ta naɗe audugarta.

Ɗangiwa ya fito fari fat da toka, maƙogwaro a bushe. Ya kai hannu wuyan Namadi ya fizge ƙoƙon nan mai zare, ya ɗebi ruwa a tulu ya kafa kai. Maimuna ta ce, "Malam, na Namadi ne fa." Ya ce, "Na gani. Yaushe bawana yas samu abin kansa?" Ya shanye, ya kifa masa ƙoƙon a ka, ya tafi alwala.

Gari bai sake ba don wannan. An ci gaba da kiran Namadi Lahadi har tsufansa, ba a mai da shi ciyayya ba, bai kuma sake aure ba. Bai bar abin da yake bi ba, Ɗangiwa ma bai bar yi masa wa'azi ba, sai dai yanzu wa'azin da zagi yake haɗawa. Ran Lahadi in ya dawo daga gona yakan tsaya gindin tsamiya ya ce, "Har yau layin nan kake, bawana? Jakina ya fi ka karatu." Ya zauna gefen tabarmar su ci gyaɗa.

Amsar zagin rumbu kuwa sai da ta kwana biyu, kamar yadda aka saba. Ranar da ake zuba gero, maƙwabta sun taru ana miƙa dammuna, Namadi ya zo a hankali ya tsaya gindin tsani, ya ɗaga kai ya dubi Ɗangiwa da ke sama.

Ya ce, "Jama'a, ku share cikin da kyau kafin ku zuba. Shekara talatin ina gini, ban taɓa fara cika sabon rumbu da ƙaiƙayi ba sai shekaranjiya."